Ko zaɓen magajin gari zai gyara Abuja?

Wani magidanci mazaunin Kubwa ya aiko da wannan tambaya: "Na daɗe ina zaune a Abuja, a nan nake biyan haraji, a nan 'ya'yana ke makaranta, amma ban taɓa zaɓen wanda ke mulkin garin ba. Na ji ana cewa a kafa kujerar magajin gari da jama'a za su zaɓa da kansu, irin ta Landan. Shin hakan zai yiwu? In ya yiwu, zai canza wani abu?"

Malam, yiwuwa kam zai yiwu, sai dai dokar majalisa ta yau da kullum ba za ta iya kawo shi ba, dole a taɓa kundin tsarin mulki. Batun ko zai canza wani abu kuwa, wannan ya rataya ne a kan abin da aka danƙa wa mutumin bayan an rantsar da shi. Ni ina cikin masu son a yi kujerar, amma akwai irin wadda in aka kawo ta zan ce gara a bar mu da minista.

Bari mu fara da inda ikon yake a yau. Sashe na 299 na kundin 1999 ya ce a ɗauki Babban Birnin Tarayya tamkar ɗaya daga cikin jihohi, sannan ya kwashe ikon da jiha ke da shi ya raba wa hukumomin tarayya. Aikin majalisar jiha ya koma hannun Majalisar Tarayya, aikin gwamna ya koma hannun shugaban ƙasa. Wato gwamnan Abuja a dokance shi ne shugaban ƙasa, mataimakin shugaban ƙasa kuma shi ne mataimakin gwamna. Sashe na 302 ya ba shugaban damar naɗa minista ya wakilta masa abin da ya ga dama daga cikin wannan iko. Don haka ministan da kake gani yana ƙaddamar da tituna, aron iko yake ci, kuma wanda ya ara masa kaɗai yake wa bayani. Daga 1999 zuwa yau an yi Ibrahim Bunu, Muhammad Abba Gana, Nasir El-Rufai, Aliyu Modibbo Umar, Adamu Aliero, Bala Muhammad, Muhammad Musa Bello, sai Nyesom Wike tun 2023. Ko ɗaya babu ɗan asalin yankin, kuma ko ɗaya bai zo Kubwa neman ƙuri'arka don wannan kujera ba.

Abin da kake zaɓa shi ne sanata ɗaya, alhali kowace jiha na da uku, da 'yan majalisar wakilai biyu, da ciyaman da kansila a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida: Abaji, AMAC (ta tsakiyar birnin Abuja), Bwari, Gwagwalada, Kuje da Kwali. Dokar da za ta shafi shagonka da motarka kuwa, da kasafin kuɗin garin na shekara, sanatoci 109 da wakilai 360 ne ke yanke su, uku kacal daga cikinsu ne ke jin tsoron ƙuri'ar mutanen Abuja.

Ba don mugunta aka tsara abin haka ba, tarihin Legas ne ya koya musu tsoro. Legas ta taɓa yin magajin gari, Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe, daga 1950, amma kujerar ba ta yi ƙarko ba, a 1953 aka soke ta. Bayan nan aka mai da garin yankin tarayya mai ministansa, kujerar da Muhammadu Ribaɗu ya riƙe, daga baya Musa 'Yar'aduwa. Da aka ƙirƙiri jihar Legas a 1967 sai gari ɗaya ya zama hedikwatar gwamnatoci biyu, ana ta gogayya a kan fili da iko. Shi ya sa da Janar Murtala Muhammad ya karɓi rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, Dokar Soja ta 6 ta 1976 ta yanko kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, ta ce ƙasar baki ɗaya mallakar gwamnatin tarayya ce. Tunaninsu shi ne a gina gari wanda babu wata ƙabila ko gwamna da zai ce nasa ne. Shirin farko ma shi ne a kwashe duk mutanen da ke ciki a sake musu mazauni a waje, sai tsadar diyya ta sa gwamnatin Obasanjo ta janye daga hakan a 1978. Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da sauransu suka ci gaba da zama a gonakin kakanninsu, amma ba su da jiha, ba su da gwamna, ƙasar ma a takarda ba tasu ba ce. Sai a 2023 aka fara naɗa ɗan yankin minista a gwamnatin tarayya, Zephaniah Jisalo. Daga wajen waɗannan mutane ne kiran a yi magajin gari ya fi fitowa, kuma ƙorafinsu ya girmi naka.

To, Landan da ka ambata. Mutane kan ɗauka tun fil azal take da zaɓaɓɓen magajin gari, alhali kujerar ba ta kai Abuja shekaru ba. A 1986 gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar birnin baki ɗaya, wadda Ken Livingstone ke jagoranta yana zame mata ƙaya. Shekara 14 birnin ya yi ba shi da shugaba guda, sai ƙananan hukumomi 32 da tsohuwar unguwar bankuna kowa na harkarsa. Da Tony Blair ya hau kujerar firaminista aka yi ƙuri'ar raba gardama a watan Mayun 1998, kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka amince, ko da yake kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na masu rajista suka fito. Aka yi doka a 1999, aka yi zaɓe a 2000. Abin dariyar shi ne Blair ya hana Livingstone tikitin jam'iyyar Leba, mutumin ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, ya kayar da ɗan takarar Blair. Duk shugaban ƙasar da aka kai wa shawarar magajin gari ya san irin wannan labari, ko bai faɗa ba.

Abin lura a tsarin Landan shi ne an zauna an lissafa aikin kujerar dalla-dalla. An ba shi sufuri ɗungurungum, jiragen ƙarƙashin ƙasa da bas-bas da manyan tituna, tare da kuɗin da suke shigowa. An ba shi tsara taswirar bunƙasar birni, da kasafin kuɗin 'yan sanda da hukumar kashe gobara. Makarantu, kwasar shara da kula da gajiyayyu aka bar wa ƙananan hukumomi. Aka kafa masa majalisa mai mutum 25 da ke tsare shi da tambayoyi, kuma tana iya sauya kasafinsa in ta sami kashi biyu bisa uku. Da yake ikon na gaske ne, a 2003 Livingstone ya sa harajin fam 5 ga duk motar da za ta shiga tsakiyar gari, aka yi ta yi masa ca, ya tsaya zaɓe a 2004 ya sake ci. Amfanin zaɓe ke nan a wurina: mutum ya ɗauki mataki mai ɗaci, waɗanda abin ya shafa su yanke masa hukunci. El-Rufai ya hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, ya yi rusau iya son ransa. Wasu har gobe suna yaba masa, wasu har gobe suna Allah ya isa, amma babu ranar da aka taɓa ƙirga su aka san wa ya fi yawa.

Yanzu dubi Kampala, don ita ce abin da nake jiye wa Abuja. A 2010 majalisar Yuganda ta yi dokar da ta mai da birnin ƙarƙashin wata hukuma ta gwamnatin tsakiya. Jama'a na zaɓen magajin gari da ƙuri'arsu, amma kuɗi da ma'aikata da kwangiloli suna hannun babban darakta da shugaban ƙasa ke naɗawa, a samansu kuma ga ministan Kampala. A 2011 mutane suka zaɓi ɗan adawa Erias Lukwago, Shugaba Museveni ya naɗa Jennifer Musisi darakta. Kafin 2013 ta ƙare kansiloli sun tsige Lukwago, aka shiga zaryar kotu, ofishinsa ya daɗe a rufe. An sake zaɓensa, ikon dai bai koma hannunsa ba. Mazaunin Kampala yana da wanda zai zaɓa, yana da wanda zai zaga in hanya ta lalace, amma wanda ya zaɓa ba shi ke riƙe da kuɗin gyaran hanyar ba. Wannan riga ce ba wuya, kuma ita ce mafi sauƙin samu daga kowace gwamnati, don ba ta rage mata komai.

Nairobi, babban birnin Kenya, ta gwada akasin haka, ta ba zaɓaɓɓen gwamna cikakken iko tun 2013. A Fabrairun 2020 gwamnan birnin, Mike Sonko, yana cikin shari'ar cin hanci, ya sa hannu ya miƙa lafiya, sufuri, tsarin gari da ayyuka ga gwamnatin tsakiya, aka ɗora wani janar na soja a kansu, a Disamba kuma aka tsige shi. Ƙuri'a ba ta ba da tabbacin a sami nagari, wannan kowa ya sani.

Wadda ta fi kama da mu a tsari ita ce Washinton, tunda daga Amurka muka kwafo tsarin shugaban ƙasa da tarayya. Dokar 1973 ta ba mazauna birnin damar zaɓen magajin gari da majalisa mai mutum 13, Walter Washington ya ci zaɓen farko a 1974. Amma majalisar tarayyar Amurka ta riƙe linzami: duk dokar da birnin ya yi sai ta jira wa'adi a gabanta, tana iya soke ta, kuma ta soke wata dokar hukunta laifuka a 2023. Da asusun birnin ya rushe a 1995 ta ɗora masa hukumar kula da kuɗi har zuwa 2001. Dokar ta kuma bar wa shugaban ƙasa damar karɓe ragamar 'yan sandan birnin na wani ɗan lokaci, Donald Trump ya yi amfani da wannan a Agustan 2025. Mutanen Washinton ba su gamsu ba, har yau suna neman a mai da su jiha. Duk da haka tsarinsu ya nuna cewa hujjar da ake yawan kawo mana, wai fadar shugaban ƙasa da barikoki da ofisoshin jakadanci ba za su zauna ƙarƙashin ɗan siyasar gari ba, tana da magani. Ana iya ware abin da ya shafi tsaron ƙasa a bar wa tarayya, a saki sauran. A Najeriya ma batun ya fi sauƙi, tunda 'yan sanda na tarayya ne, gwamnan Kano da kansa ba shi ke naɗa kwamishinansu ba.

Inda gizo ke saƙa a Abuja shi ne fili. A jihohi, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna. A Abuja, sashe na 297 ya mallaka su ga gwamnatin tarayya, minista ke rabawa, shi ke sa hannu a takardar mallaka, shi ke sokewa. Ciyaman ɗin Bwari ko na Kuje ba shi da hurumin ba ka fili, kotuna sun sha tabbatar da haka, kuma mutane da dama sun yi asarar gidaje saboda takardar ƙaramar hukuma ko ta mai unguwa da suka riƙe. Hukumar FCDA da ke shimfiɗa unguwanni, da AGIS da ke ajiye bayanan filaye, da sashen da ke shafa jan fenti kafin rusau, duk minista suke wa aiki. A garin da fuloti ɗaya a Maitama ko Asokoro ya fi albashin ma'aikaci na tsawon rayuwarsa, alƙalamin nan shi ne mulkin, sauran duk rakiya ne. Ka tuna yadda gari ya girgiza a 2025 da aka soke dubban takardu saboda bashin harajin fili, har da na hedikwatar jam'iyyar PDP.

Saboda haka in ka ga ƙudurin magajin gari, wuce duk shafukan da ke maganar rantsuwa da wa'adi, nemi inda aka ambaci sashe na 297. In ba a taɓa shi ba, minista na nan daram, an dai ƙara wa baitulmali nauyin wani ofishi da jerin gwanon motoci. Indiya ta bi wannan hanya a 1991: ta ba Delhi zaɓaɓɓiyar majalisa da babban minista, ta riƙe fili da 'yan sanda da tsaron jama'a, kuma har yau rigima tsakanin zaɓaɓɓen da naɗaɗɗen ba ta ƙare ba, sun sha hawa Kotun Ƙoli. Ni ban ce a miƙa wa mutum ɗaya filayen Abuja duka ba, don in kaɗaici da alƙalamin ne ciwon, sauya mai riƙe shi ba zai warkar ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a shata yankin tarayya a rubuce, wato unguwar fadar shugaban ƙasa da majalisa da Kotun Ƙoli, sakatariya, barikoki, filin jirgi da unguwar jakadu. Sauran ƙasar ta koma ƙarƙashin hukumar filaye da ke da wakilan tarayya, na magajin gari da na 'yan asali, kuma duk fili da aka raba ko aka soke a wallafa sunan mai shi da dalili.

Kuɗi ma haka. Yankin na samun kashi ɗaya cikin ɗari daga asusun tarayya, ga manyan ayyuka da gwamnatin tarayya ke sawa a kasafinta, ga kuma harajin cikin gida da hukumar FCT-IRS ke tarawa, wanda ke sahun gaba a ƙasar nan in aka cire Legas. Abuja ba za ta yi bara ba in aka bar mata harajinta. Amma dole dokar ta faɗi wanda ke da shi. Landan da kanta ta ɗanɗana wannan a 2020, lokacin da korona ta hana mutane hawa jirgi, asusun sufuri ya bushe, magajin garin, Sadiq Khan, ya koma roƙon gwamnatin da ba ta jam'iyyarsa ba, ta ba shi da sharuɗɗa masu tsauri. Kuma magajin gari ba tare da majalisar garin ba haɗari ne. Kwamitocin Majalisar Tarayya ba za su iya sa masa ido ba, sanatan Zamfara ko na Ebonyi yana da nasa ciwon kan. Ana buƙatar majalisa ƙarama, daga mazaɓu 62 da ake da su ko a haɗe su, wadda za ta amince da kasafi, ta kuma iya tsige shi ta hanyar da kotu za ta iya dubawa.

Akwai tambayar da masu kamfen ɗin ba sa son a yi musu: magajin ina? In na tsakiyar gari ne kawai, to ai ciyaman ɗin AMAC na nan, zaɓaɓɓe ne, suna kawai za a sauya masa, mutumin Kwali da Abaji bai ƙaru da komai ba, kai ma a Kubwa kana ƙarƙashin Bwari ne. In na yankin ne baki ɗaya, to gwamna ne ba a kira shi gwamna ba, sai a fito fili a tsara alaƙarsa da ciyamomi shida. Yajin aikin malaman firamare na 2025, da ya rufe makarantu sama da wata uku, ya nuna illar rashin wannan tsari. Albashin na wuyan ƙananan hukumomi, babban kuɗin na hannun minista, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, yara na zaune a gida.

Sannan ina jan hankalin 'yan'uwanmu 'yan asali. Zaɓe lissafi ne. A 2023 masu rajista a yankin sun haura miliyan ɗaya da rabi, kaso mafi tsoka a AMAC da Bwari, inda baƙi suka fi yawa. A wannan zaɓen Ireti Kingibe ta kayar da Philip Aduda, ɗan yankin da ya daɗe a kujerar sanata. Kujerar magajin gari na iya zuwa, Bagbagyi bai taɓa hawanta ba. Keɓe ta ga ɗan asali kuwa zai ci karo da manufar da aka gina garin a kanta, kuma da wuya ya wuce majalisa. Kariyar da za ta yi musu aiki ita ce kujeru tabbatattu a majalisar garin da hukumar filaye, da dokar diyya da sake tsugunarwa wadda ba a bar ta ga ra'ayin mai mulki ba. A ɗaya gefen kuma, dubban da ke cika titunan Abuja da safe a Mararaba, Masaka, Suleja da Madalla suke kwana, ƙuri'arsu ta Nasarawa ce da Neja. Duk wanda ya hau, cunkoson hanyoyin shiga gari ba zai warware ba sai ya zauna da gwamnonin jihohin nan biyu.

Me ya hana a yi har yanzu? Kafin a gyara kundin, sashe na 9 na buƙatar kashi biyu bisa uku a majalisar dattawa, haka a ta wakilai, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. Ƙudurin magajin garin Abuja na cikin waɗanda aka kaɗa wa ƙuri'a a gyaran 2022, bai kai gaci ba. Dubi waɗanda ake roƙo: 'yan majalisar da za su rasa iko a kan kasafin Abuja, da shugaban da zai rasa kujerar minista mafi maiƙo. Ga kuma ɗabi'ar manyan birane ta juya wa mai mulki baya. A 2023 Peter Obi ne ya lashe Abuja da tazara mai yawa, Tinubu bai sami kashi 25 ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke cewa samunsa a Abuja ba sharaɗi ba ne. Maƙwabtanmu ma haka suke ɗari-ɗari. A Yamai kansiloli ne ke zaɓen shugaban birni, amma gwamnati ta tuɓe mai riƙe da kujerar, Oumarou Dogari, a 2013, a 2024 kuma sojoji suka rushe majalisun suka naɗa nasu. A Gana shugaban ƙasa ne ke gabatar da shugaban Akra, ƙuri'ar raba gardamar da aka shirya a Disambar 2019 a kan zaɓen ƙananan hukumomi an soke ta ana saura makonni.

Don haka kada ka sa ran abin zai zo nan kusa, sai in wani shugaba ya ga ribarsa a ciki, ko kuwa an cusa shi cikin babban ciniki irin na ƙirƙiro jihohi. Kafin nan akwai abin da bai buƙatar gyaran kundi. Majalisar Tarayya, a matsayinta na majalisar jihar Abuja, tana iya yin dokar da za ta tilasta wallafa rabon filaye, ta ɗaure kason ƙananan hukumomi daga harajin cikin gida yadda minista ba zai riƙe ko ya saki da ganin dama ba, ta kuma wajabta sauraren jama'a kafin rusau. Wannan aiki ne da za ka iya ɗora wa sanatarku da wakilanku biyu tun yanzu. Zaɓen ciyaman da kansila a Abuja kuma hukumar INEC ce ke gudanar da shi, ba hukumar zaɓen jiha ba, shi ya sa jam'iyyun adawa kan ci kujeru, abin da ba kasafai ake gani a jihohi ba. Amma fitowar jama'a a ranar ba ta taka kara ta karya ba, kuma masu adawa da magajin gari da ita suke kafa hujja. In katinka har yanzu na garinku ne, kamar na yawancin ma'aikatan Abuja, je ofishin INEC na Bwari idan an buɗe rajista ka nemi a dawo maka da shi Kubwa.